Keken da Na Kai Gyara

A wasu shekaru da suka shige, ni da hannuna na sauke mahaifina daga keke. Masu bibiyata a nan sun saba ganin hotunana ran Lahadi da hular kwano da tumbi a gaba, ina kiran jama'a su dawo wa keke, to ga wani ɓangare na labarin da ban taɓa sakawa ba.

Mahaifina tela ne, mai aikin wuyan manyan riguna. Gidanmu yana Tsibiri, rumfarsa kuma tana Maraɗi, kusa da babbar kasuwa. Tun kafin a haife ni yake wannan hanya a kan keke ɗaya, baƙi, mai sanda, irin mai nauyin nan da in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi jinya. Da an sallame Asuba zai naɗe ƙafar wandonsa ta dama, ya ɗaure ƙullin riguna a kariya, ya kama hanya. Tafiyar ba ta da nisan da za ta cinye safiya, amma shi takan cinye masa, domin ba ya wuce mutum bai tsaya ba. Gaisuwar mara lafiya, ta'aziyya, barkar haihuwa, duk a kan hanyar nan yake sauke su. Akwai ƙauyukan bakin titi da suke sanin ƙarfe nawa idan sun hango shi.

Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu an riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "yaron nan", har na yi furfura a gemu. Ba ya zama hira da ni, ba ya roƙona komai. Idan yana da magana, ƙanwata yake aikowa, wadda take aure a unguwarmu ta Tsibiri, ita ce bakinsa a wurina. Ni ma haka na taso, idan na je gaishe shi sai in durƙusa nesa, in yi gaisuwa, in ajiye abin da na zo da shi, in tashi. Muna son juna ƙwarai, amma duk a bayan labule.

Da Allah ya buɗa mini na samu aiki a biro, wato ofis, na yi moto, babur ke nan, daga baya na yi 'yar mota, sai magana ta fara zagayowa. Ranar da ta same ni sosai a wurin wani suna ne. Na faka motata ke nan, sai ga Baba ya iso a kekensa, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Gwaggona, yayarsa, tana zaune a ƙofar gida, ta dube shi, ta dubi motar, sannan ta dube ni.

"Kai dai ba ka da ta ido," ta ce. "Kana cikin mota kana shan iska, ubanka shina bisa ƙarhe da huhhura tai. Mi kake so mutane su ce?"

A garinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Keke a lokacin abin wanda bai samu ba ne. Duk ɗan da ya samu, abu na farko da ake duba masa shi ne ko ya sauke ubansa. Na kwana biyu maganar tana cina. Ba zan iya tsayawa gaban Baba in ce ya daina hawa ba, bakina ba zai ɗauka ba. Sai na yi dabara irin tamu ta masu ladabi. Wata Juma'a na je gaishe shi, na tsaya ina ƙwanƙwasa tayar keken kamar wani masani, na ce wa ƙanwata ta gaya masa birkin ya ci, sarƙar ta saki, zan kai masa gyara Maraɗi. Yana jin mu daga kan tabarmarsa. Ya ce, "To, Allah shi yi albarka." Na ɗora keken a bayan mota na tafi da shi.

Washegari na turo masa ɗan kabu-kabu, mutumin kirki, wanda zai riƙa ɗauko shi da safe ya maido shi da yamma. Na ji daɗin kaina ranar nan ba kaɗan ba.

Bayan mako guda ƙanwata ta kira ni. "Yaya, Baba ya ce a tambayi yaron nan ko an gama gyaran."

Na ce ana neman kayan, keken tsoho ne, ba a samun irinsu. Bayan wata guda ta sake kira, na ce an aika Katsina a duba. Da ta kira na uku, ita kanta dariya take yi. "Yaya, wanga gyara ko jirgi aka kai ai ya isa a ce ya tashi." Na ce ta rufa mini asiri, don mutuncinsa nake yi. Ta ce ita dai 'yar aike ce. Daga nan Baba bai sake aikowa ba. Na ɗauka ya haƙura ya saba da hutu. Sai daga baya na gane cewa tun a aike na biyu ya fahimci komai, kunya ce ta hana shi ƙure ni.

Keken ya yi watanni a zaurena yana tare hanya. Akwai wani dattijo mai garka a Jiratawa da yake kawo mana salati da tumatir gida, wata rana ya zo da kwando a ka, ya ce nasa keken ya karye a tsakiya, an yi walda har an gaji. Na shiga zaure na turo masa na Baba. Ya yi ta addu'a har na ji kunya. A raina na ce na rabu da kaya, na kuma samu lada.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo, shi ya sa ban gan shi ba. Ɗan kabu-kabu ba ya tsayawa gaisuwa, yana da wasu fasinjoji suna jiransa. Baba kuma ba zai iya cewa a tsaya masa sau goma a hanya ba. Ya zama sai ya ji labarin rasuwar abokinsa na bakin titi bayan an yi sadakar uku. Ya fara cewa yau ba zai je rumfa ba, iskar moto tana sa shi mura. Daga kwana ɗaya a mako ya koma uku. Kafin shekara biyu ya bar wa abokin aikinsa rumfar gaba ɗaya, ya dawo ƙofar gida da tabarma da rediyo. Jikinsa ya yi nauyi, gwiwoyi suka fara ciwo, likita ya ce hawan jini. Ni kuwa ina sayen magani ina aikawa, ina cewa tsufa ne, ai gara da na hutar da shi tun da wuri.

Ana cikin haka mai ya yi tsadar da kowa ya sani. Maraɗi da ta saba sayen mai a kwalba a kowace kwana ta wayi gari mutane suna ajiye moto a gida. Wani abokina, malamin makaranta, wanda tun muna yara yake da taurin kai, ya fito da tsohon kekensa ya fara zuwa aiki a kai. Aka yi masa dariya, har wasu suka je yi masa jaje. Shi kuma maimakon ya ji kunya sai ya tara mutum biyar suka fara bin gida gida suna sallama, suna tambaya ko akwai keken da yake barci a ɗakin shirgi. Idan an ba su, sai su gyara a gindin wani dogon yaro ran Asabar, su ba ɗalibai da masu ƙananan ayyuka da suke shan tafiyar ƙasa. Suka rubuta wa ofishin magajin gari takarda suna roƙon a bar wa keke gefen titi. Suka riƙa zuwa tashoshin 'yan kabu-kabu suna zama da su, suna roƙon a daina matse mai keke zuwa rairayi. Ran Lahadi kuma su fita tare da sassafe, wani mako Jiratawa, wani mako Tsibiri, don gari ya saba da ganin mutane masu aikin yi a kan keke.

Ni likita ne ya tura ni cikinsu, ba kishin komai ba. Ya auna ni ya ce ko in motsa jiki ko in shirya shan magani har ƙarshen rai. Na sayi keke mai giya, ja, na haɗa da hular kwano da safar hannu, na fito kamar wanda zai je gasa. Ranar farko ban kai ƙarshen unguwa ba na sauka ina riƙe da bango. Amma na saba, na kuma ji daɗin abin fiye da yadda na zata. Da yake Allah ya ba ni baki, ba a jima ba na zama mai magana da yawun ƙungiyar. Ni da na fi kowa gajiya a hanya, na fi kowa bayani idan an tsaya.

Wata Laraba aka gayyace mu wani gidan rediyo. Na saki jiki na yi ta zuba. Na ce keke ba alamar talauci ba ne, lafiya ne, 'yanci ne. Na ce iyayenmu da suka hau keke sun fi mu ƙarfi da zumunci. Har na ce, ina jin daɗin muryata, duk wanda ya hana dattijo kekensa ya zalunce shi. Ban san daga ina maganar ta fito ba, kuma wallahi lokacin da nake faɗinta ban tuna da kowa ba.

Ban kai gida ba ƙanwata ta kira. Ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba.

"Yaya, mun ji ka. Ina wurin Baba anka sa shirin."

Sai ta ci gaba.

"Ya saurara har ƙarshe. Da anka gama ya kashe rediyon. Sannan ya ce, tunda yanzu keke ya bar zama abin kunya, a tambayi yaron nan ko an gama gyaran."

Shekara huɗu ke nan da na ɗauko keken. Na tsaya a gefen titi, na rasa inda zan sa kaina. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tare da kunyar akwai wani tsoro da ban san sunansa ba. Na ce mata ta gaya masa an kusa.

Da gari ya waye na nufi Jiratawa. Na samu dattijon a garkarsa yana ban ruwa, keken yana jingine a jikin mangwaro. Ya sha aiki. An cire kariyar Baba an yi wata babba ta ƙarfen rodi don ɗaukar kwanduna, sirdin an naɗe shi da roba. Na yi masa bayani a dunƙule, na ce na mahaifina ne, yana son abinsa. Bai ja ba ko kaɗan. Ya wanke hannu, ya kwance igiyoyinsa, ya turo mini.

"Ai na ubanka ne," ya ce. "Na ci moriya tai, Allah shi saka."

Na ɗora a mota na juyo. Ko a raina ban tambayi yadda zai yi ba, hankalina duk yana Tsibiri.

Mako guda muka yi a kansa ni da abokina. Sababbin tayoyi, sabuwar sarƙa, birki, sirdin fata, muka goge shi har yana ɗaukar ido. Kariyar ce kawai muka bari, an yi mata walda da jikin keken. Sai kuma halina ya motsa. Na ce ai wannan Lahadin Tsibiri za mu, mu je gaba ɗaya mu miƙa masa, ya hau ya shige mana gaba har bakin titi, a ɗauki hoto. Dattijon da ya shekara arba'in a kan keke yana jan matasa, ina hoton da ya fi wannan? Abokina ya ce, "Da ka kai mishi kai ɗaya." Na ce bai san harkar wayar da kai ba.

Muka isa da hantsi, mun fi mutum ashirin, ana ta kaɗa ƙararrawa. Unguwa ta fito. Ƙanwata ta riga ta gaya masa, don haka muka tarar ya yi wanka, ya sa farar riga mai aikin hannunsa, har ya naɗe ƙafar wando yana jira. Da ya ga keken, fuskarsa ta yi wani haske da na manta yana da shi. Ya tashi da ƙyar, ya dafa bango, ya zo ya kama ƙahon. Ya matsa birki, ya saki. Ya danna taya da babban yatsa. Wayoyi duk sun ɗaga.

Ya sa ƙafar hagu a feda, ya tura kaɗan yadda ya saba, ya ɗaga ta dama zai haye. Ƙafar ba ta kai rabin sirdi ba ta dawo. Ya yi ɗan murmushi, ya gyara tsayuwa. Ya karkata keken sosai, ya gwada ta gaba, ta kan sandar. Ƙafar ta maƙale, keken ya tafi da shi, sai da abokina ya tare shi da ƙirji. Hularsa ta faɗi ƙasa. Har ana jin numfashinsa.

"A aje wayoyin nan," abokina ya ce, a hankali. Ya ɗauki hular ya kaɗe ya miƙa masa, sannan ya ce wa jama'a su zo a je a gaida liman. Cikin minti biyu ya kwashe kowa, har 'yan unguwa. Ban taɓa gode masa yadda ya kamata ba a kan wannan.

Ya rage ni da Baba da ƙanwata. Ya koma tabarmarsa ya zauna, ya warware ƙafar wandon. Na durƙusa nesa inda na saba. Na so in ce zai saba, a fara a hankali, amma mu ukun mun ga abin da muka gani. Ya daɗe yana kallon keken. Da ya buɗe baki, bai juya wajen ƙanwata ba. Ni ya duba.

"Wagga kariya ba tawa ba ce. Ta masu kwando ce. Wurin wa ya zamna?"

Na gaya masa duka, ban rage ba. Zauren, da mai garkar, da Katsinar da ba a taɓa aikawa ba.

"Mai garkar, yaro ne ko babba?"

"Babba ne, Baba. Ba ka girme shi da yawa ba."

"Kwana nawa da ka amso?"

"Yau goma."

"To da mi yake kai kaya kasuwa?"

Kaina yana ƙasa, ina kallon tururuwa a bakin tabarma.

"Tashi ka maida mishi," ya ce. "Yau, ba gobe ba. Tun ƙafatai ba ta mance ba."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara komai a kai ba. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Na bar jan kekena a nan, na hau na Baba. Daga Tsibiri na ratsa Maraɗi na miƙe Jiratawa da rana tsaka, ba hula, ba rakiya. Keken yana da nauyi ƙwarai, ba giya, kowane hawa sai na miƙe tsaye a kan feda. A hanya wani tsoho a bakin titi ya ɗaga hannu da sauri, sannan da na matso ya ga ba wanda ya zata ba ne, ya sauke. A nan hawaye suka zo mini, na yi ta tuƙi a haka ban tsaya ba.

Na samu mai garkar yana ɗaure kwando zai ɗora a ka. Ya dubi keken da sababbin tayoyinsa, ya dube ni.

"Tsohon bai hau ba?"

"Bai hau ba."

"Allah sarki," ya ce. Ya karɓa, ya shiga mayar da igiyoyinsa.

Baba ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni bayan wannan. Na yawaita zuwa, wani lokaci in tarar yana sauraron shirinmu, duk da ni na daina shiga rediyo, na bar wa abokina. Bai sake tada maganar keke ba, ni ma ban tada ba. Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ƙungiyar tana nan, ta ma ƙaru. Yanzu a Maraɗi za ka ga ma'aikaci da jakarsa a kan keke ba wanda ya waiwaya, ɗalibai mata ma suna hawa. Ina murna da haka da gaske, kuma ina fita kowace Lahadi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ban ce ni na rage masa ko yini ɗaya ba. Amma ƙafafun nan ni na zaunar da su, kuma ba don shi na yi ba, don bakin mutane na yi, na sa wa abin suna ladabi. Da na tambaye shi sau ɗaya abin da yake so, ko ta bakin ƙanwata ne, da ya gaya mini.

Abin da ya fi tsaya mini har yau a zaman makoki ya faru. Wani dattijo daga cikin abokansa na kasuwa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce, "Kai dai ka yi wa ubanka gata. Kai ka hutar da shi wahalar keke, duk garin ga shaida ne. Allah shi ba ka ɗiyan da za su yi maka haka."

Mutanen da ke kan tabarma duka suka shafa. Ni ma na ɗaga hannu na ce amin, don ba a ƙin amsa addu'a.